Gwajin iyakar ƙarin siffofin fayil a kan NFS da SMB

Duk wanda yake kula da sabar ajiya a wata ma'aikata ko ƙungiya a nan Yamai ya san tambayar da aka fi yi masa bayan an kwashe fayiloli daga wuri zuwa wuri, wato ko kome ya isa lafiya. Amsar da aka saba bayarwa ita ce a duba yawan fayilolin da girmansu, a buɗe biyu ko uku, idan sun buɗu sai a ce aiki ya kammala. Wannan amsa tana da giɓi, domin fayil a kan Linux ko Mac ko Windows yana iya ɗaukar wasu bayanai da ba sa cikin jikinsa, ba sa shiga lissafin girmansa, kuma suna iya zubewa a hanya fayil ɗin ya ci gaba da buɗuwa kamar babu abin da ya same shi. Su ne ƙarin siffofi, waɗanda masu aikin Linux suke taƙaitawa da xattr. Kowace siffa tana da suna da ƙunshiya: sunan kamar user.marubuci, ƙunshiyar kuma duk abin da mutum ko manhaja ta zuba a ciki, ko rubutu ne ko lambobi.

Ina kula da kwamfutocin wata ƙaramar ƙungiya da ke ɗaukar hoton tsofaffin takardu, wasu na boko wasu na ajami, tana kuma juya kaset-kaset na hira da dattawa zuwa fayilolin sauti. Yamai ta saba da irin wannan aiki, tun da a nan ne sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni yake, a nan ne kuma cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka mai tattara tarihin baka take. A wannan sana'a hoton takarda ba ya wadatarwa sai da bayanin da ke tafe da shi: daga gidan wa aka samo ta, wane ne ya rubuta, shafi na nawa ne, da hatimin SHA-256 da ke tabbatar da cewa hoton bai lalace ba. Manhajar da muke aiki da ita tana liƙa wani ɓangare na wannan bayani a matsayin ƙarin siffofi, masu aiki da Mac kuma suna saka wa fayiloli alamomin launi da kalmomi a cikin Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, su ma a ƙarin siffofi ake ajiye su. Saboda haka kafin in yarda a mayar da aikin kan ma'ajiyar da duk biro zai riƙa shiga ta rezo, sai na auna nawa hanyar za ta iya ɗauka, na kuma ga yadda take nuna cewa ta kasa, wanda a wurina ya fi lambar kanta muhimmanci.

Hanyoyi biyu ne aka saba shiga fayilolin sabar ta rezo: NFS, ƙa'idar sadarwar da masu Linux suka fi aiki da ita, da SMB, ƙa'idar Windows, wadda shirin Samba yake gudanarwa a kan sabar Linux. Abokan aiki kan tambaye ni nawa ne iyakar NFS, ko nawa ne iyakar Samba, kuma tambayar ba ta da amsa ɗaya. Siffa tana bi ta ƙofofi da dama kafin ta zauna a kan faifai: zuciyar tsarin (kernel, ginshiƙin shirin da ke tafiyar da inji) da ke kwamfutar ma'aikaci, shirin da ke jona rabon (jakar sabar da ake shiga ta rezo), ƙa'idar sadarwar, shirin sabar, zuciyar tsarin sabar, sannan tsarin fayil na faifan kansa. Kamar kayan da za a shigar cikin gida ne ta ƙofar waje da zaure da ƙofar ɗaki, faɗin ƙofar waje ba ya amfanar da kowa idan ta ɗakin tana da ƙunci. Lambar da mutum ya karanta a intanet ta wata hanya ce da wani ya gwada da nasa kayan, kuma ba lallai ta dace da tamu ba.

Ƙofar farko ita ce zuciyar Linux, kuma iyakokinta a fili suke. Sunan siffa ba ya wuce bayit 255, har da gabansa irin su user. da ke nuna rukuninsa. Ƙunshiya ɗaya ba ta wuce bayit 65,536. Jerin sunayen dukan siffofin fayil ɗaya shi ma ba ya wuce bayit 65,536 idan an zo karanta shi. Rukunan siffofi huɗu ne, user da trusted da security da system, kuma na farkon kaɗai ne ma'aikaci na yau da kullum yake rubutawa yadda yake so, sannan a kan fayiloli da jakunkuna kawai. Duk abin da ke bayan wannan ƙofa yana iya rage waɗannan lambobi, amma babu mai iya ƙara su.

Ƙofar ƙarshe, wato tsarin fayil na faifan sabar, ita ce ta fi ba mutane mamaki. XFS yana karɓar ƙunshiya har bayit 65,536 ɗin da zuciyar ta yarda da shi, kuma ba shi da wata iyakar a zo a gani kan yawan siffofi. Btrfs yana tsayawa ƙasa kaɗan da girman kullinsa, wato gurbin da yake ajiye bayanan fayiloli a ciki, wanda a tsarin asali bayit 16,384 ne. ZFS yana ajiye ƙananan siffofi a kusa da bayanan fayil idan an zaɓi xattr=sa, idan wuri ya ƙare sai ya mayar da su wata ɓoyayyar jaka. Amma ext4, wanda shi ne nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu suke sakawa idan mutum bai zaɓi wani ba, kuma saboda haka shi ne a kan yawancin sabar da nake gani a garin nan, yana cusa dukan sunaye da ƙunshiyoyin fayil ɗaya a cikin bulo ɗaya tak, mai bayit 4,096 a mafi yawan faifai, ban da ɗan guri ƙasa da bayit 100 da ke cikin inod, wato rajistar bayanan fayil ɗin, mai bayit 256.

Ya kamata a yi lissafin wannan bulo da hannu ko sau ɗaya ne, domin yana koya wa mutum abin da zai yi tsammani daga gwajinsa. Kan bulon yana cin bayit 32. Kowace siffa tana da ɗan rajista mai bayit 16, a haɗa da tsawon sunanta ba tare da gaban user. ba, a cike jimlar ta kai ninkin huɗu. Akwai kuma bayit 4 da ke nuna ƙarshen jerin. Idan sunan user.gwaji ne, haruffa biyar da 16 sun ba da 21, a cike zuwa 24. A ɗebe 32 da 24 da 4 daga 4,096, saura 4,036. Wannan ita ce ƙunshiya mafi girma da fayil marar wata siffa a bulon zai karɓa da wannan suna, kuma bayit ɗaya a kanta sai tsarin ya mayar da kuskuren ENOSPC. A kwamfutocinmu da ke magana da Faransanci saƙon yana fitowa da «Aucun espace disponible sur le périphérique», wato babu sauran wuri a kan na'urar. Shugabar masu rajistar takardu ta taɓa kirana kan wannan saƙo ta ce, "Malam, ai ka ce faifan nan sabo ne, yaya aka yi yake cewa ya cika?" Na ce mata, "Hajiya, faifan yana nan da wurinsa, aljihun wannan fayil ɗin ne kaɗai ya cika." Tun Linux 4.13 na shekarar 2017 akwai zaɓin ea_inode da ke ba ext4 damar ajiye babbar ƙunshiya a wani inod na daban, amma ba a kunne yake zuwa ba, sai mai kula ya kunna shi da kansa.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubuta Hausa da sauran harsunan ƙasar nan, wato cewa duk waɗannan iyakoki bayit suke ƙirgawa, ba haruffa ba. A tsarin UTF-8 da kwamfuta take ajiye rubutu da shi, harafin boko na gama-gari bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu biyu ne. Harafin Larabci biyu ne, kowane wasali da aka ɗora masa wasu biyun ne, kuma ajamin Hausa da wasullansa ake rubuta shi, don haka baƙi ɗaya da wasalinsa bayit huɗu ne. Harafin Tifinagh na Tamajaq uku ne. Ke nan bayit 4,036 ɗin nan ba su wuce baƙaƙe kimanin dubu ɗaya masu wasali ba, kuma mai rajistar da ya kwafe farkon waƙa da ƙarshenta da sunan mai kwafi a cikin siffa ɗaya yana iya cika bulon bai ankara ba.

A ɓangaren NFS, tarihi ne yake bayyana halin da ake ciki. NFS na uku, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 1995, bai san ƙarin siffofi ba ko kaɗan. NFS na huɗu ya zo da wani abu mai kama da su, siffofi masu suna da ake buɗewa kamar fayiloli, amma sabar Linux ba ta aiwatar da shi ba. Sai a Disamba 2017 takardar RFC 8276 ta ƙara wa NFS 4.2 umarni huɗu na karanta siffa, da rubuta ta, da jera sunaye, da gogewa, kuma sai a Linux 5.9 na Oktoba 2020 aka shigar da aikin a ɓangaren sabar da na kwamfutar da ke jonawa. Dole ɓangarorin biyu su san shi. Debian 10 ya zo da zuciya 4.19, Ubuntu 20.04 ya fara da 5.4, Debian 11 kuma 5.10, saboda haka biro ɗaya yana iya samun kwamfutoci biyu a kan teburi ɗaya, ɗaya tana rubuta siffa a kan rabon, ɗaya tana cewa aikin ba ya yiwuwa. Akwatunan ajiya na rezo (NAS) da ake sayowa a shirye da yawa suna tafe da tsohuwar zuciya. Ga shi kuma Linux yana neman sigar NFS mafi girma lokacin jonawa, idan sabar ba ta da ita sai ya sauka zuwa ta ƙasa ba tare da ya ce uffan ba, shi ya sa matakin farko a wurina kullum shi ne duba abin da nfsstat -m ya nuna a gaban vers=.

Ko da an samu 4.2 a ɓangarorin biyu, rukunin user kaɗai ne yake ƙetarawa ta wannan hanya. Siffofin trusted ba sa tafiya, alamun tsaro na SELinux kuma tasu hanyar daban ce. Girman ƙunshiya yana kuma ƙarƙashin girman saƙon da ɓangarorin biyu suka amince da shi lokacin buɗe zaman, don haka sabar da ta yarda da ƙaramin saƙo kawai tana iya jawo iyakar ƙasa da abin da faifanta zai ɗauka. Idan babu wannan matsala, abin da ake sa ran gani shi ne iyakar faifan sabar ta bayyana yadda take: 4,036 a kan ext4 da sunan da na ambata, 65,536 a kan XFS.

SMB ya fi ruɗarwa, domin hanyoyi biyu gare shi na ɗaukar irin wannan kaya. Ta farko ita ce ƙarin siffofin da ake kira EA, da Windows ya gada daga zamanin OS/2, waɗanda jimlarsu a kan fayil ɗaya na NTFS, tsarin fayil na Windows, ba ta wuce kimanin kilobayit 64. Ta wannan hanya Linux yake aika siffofin user idan ya jona rabon SMB, kuma shirinsa na jonawa yana da tasa iyakar da ke bin girman ma'ajinsa na saƙo, bayit 16,384 a tsarin asali, saboda haka ko da XFS ne a sabar, ba za a kai 65,536 daga Linux ba. Sunayen EA ba sa bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, sabar Windows tana mayar da su manya, akwai alamomin rubutu da ba a yarda da su a cikin suna ba, kuma ƙunshiya marar kome a wannan ƙa'ida tana nufin a goge siffar, alhali a Linux siffa ce halastacciya. Wannan ya sa nake gwada girman sifili kamar yadda nake gwada mafi girma.

Hanya ta biyu ita ce ƙarin magudanan bayanai na NTFS, wato ɓoyayyun sassan bayani da ke maƙale da fayil, inda Windows yake ajiye alamar Zone.Identifier ta fayilolin da aka sauko da su daga intanet, kuma inda Mac yake zuba siffofinsa idan sabar ta ce tana da su. A kan NTFS magudana tana iya girma kamar fayil. Samba kuwa, da yake yana zaune a kan faifan Linux, sai ya nema mata wuri, kuma shirin streams_xattr yana mayar da kowace magudana ƙarin siffa mai suna da ya fara da user.DosStream. A nan ne abin da Mac yake ɗauka ba shi da iyaka yake cin karo da bulo ɗaya na ext4. Kuma ba shi kaɗai ba ne a bulon. Tun Samba 4.9 na 2018 sabar tana ajiye siffofin DOS a user.DOSATTRIB ba tare da an roƙe ta ba, idan an kunna acl_xattr izinin shiga na Windows yana zama a security.NTACL, izinin POSIX kuma a rukunin system. Duk wanda bai samu wuri a cikin inod ba sai ya faɗo cikin bulon. Fayil ɗin da aka ba ƙungiyoyin ma'aikata da yawa izini a kansa yana da ƙarancin wuri fiye da maƙwabcinsa, ko da a jaka ɗaya suke.

Yadda nake gwajin ba shi da wuya, abin da yake bukata shi ne tsari. Ina farawa a kan sabar kanta, a kan faifan, ba tare da rezo ba, domin in san lambar da zan kwatanta sauran da ita. Ɗan shiri ne na Python mai amfani da os.setxattr da os.getxattr: yana ƙirƙirar sabon fayil, ya ɗebo bayit na kan-mai-uwa-da-wabi daga os.urandom, ya rubuta su a siffa, ya ajiye hatiminsu na SHA-256 a gefe. Idan rubutun ya shiga sai ya ƙara girma, idan ya ƙi sai ya rage, yana raba tazarar biyu kowane karo, kuma tsakanin 1 da 65,536 matakai 16 sun isa a kai ga ainihin lambar. Sabon fayil a kowane mataki wajibi ne, don kada ragowar matakin baya ta ci wuri. Bayit na kan-mai-uwa-da-wabi su ma wajibi ne, domin ƙunshiyar da ke cike da sifili ko harafi ɗaya tana iya ɓoye cikon ƙarya ko musanyar wuri. Shirin yana rubuta sunan kuskuren da ya samu, ko ENOSPC ko E2BIG ko ERANGE ko EOPNOTSUPP, domin kowannensu yana nuna ƙofar da ta hana.

Bayan girman ƙunshiya ɗaya, sai jimla: siffofi ƙanana ɗaya bayan ɗaya a kan fayil ɗaya har ya ƙi. Sai tsawon suna. Sai jerin sunaye, wanda yake da wani haɗari na musamman a kan tsarin da ba ya iyakance yawan siffofi: XFS zai ci gaba da karɓa har jimlar sunayen ta wuce 65,536, daga nan kuma ba a iya jera su, kayan kwafi da suka dogara da jerin ba za su san abin da za su ɗauka ba, ko da yake siffofin suna nan a kan faifai. Sannan in maimaita duka daga kowace irin kwamfuta da ke biro, a kan fayil ɗin da ita ta ƙirƙira ta rabon, da asusun ma'aikaci na gaske, ba na mai kula ba.

Masu gwadawa da umarnin setfattr, mai rubuta siffa, kai tsaye suna da wani tarko a gabansu da ya cancanci a dube shi da kyau. Umarnin yana karɓar ƙunshiya da lambobin hex idan an fara da 0x, kuma kowane bayit yana zama haruffa biyu. Bayit 65,536 sun zama haruffa 131,072, a ƙara 0x da bayit ɗin rufewa. Linux kuwa, a kan injin da shafin ƙwaƙwalwarsa 4,096 ne, ba ya yarda kalma ɗaya ta layin umarni ta wuce bayit 131,072. Ke nan daga bayit 65,535 zuwa sama umarnin ba ya ma tashi, kuma kuskuren da ake samu shi ne E2BIG, wanda shi ne dai zuciyar take mayarwa idan siffa ta yi girma da yawa, da saƙo iri ɗaya, «Liste d'arguments trop longue». Mai gwaji zai rubuta a littafinsa cewa iyakar sabar 65,534 ce, alhali ko bayit ɗaya bai bar kwamfutarsa ba. Ana gane bambancin daga farkon layin kuskuren: idan da bash, shirin da ke karɓar umarni, ya fara, layin umarni ne ya hana, idan da setfattr da sunan fayil ya fara, tsarin fayil ne. Amfani da base64, mai farawa da 0s, ko da Python yana kawar da matsalar.

Rubutu ya shiga ba tare da kuskure ba, wannan bai isa shaida ba. Linux yana riƙe siffofin NFS a ma'ajiyar wucin gadi, don haka karantawa nan take daga kwamfutar da ta rubuta tana iya dawo da abin da ke ƙwaƙwalwarta. Ina karantawa daga wata kwamfuta dabam, sannan daga sabar kanta, in kwatanta tsawo da hatimi. Mac ne ya fi nuna dalilin wannan. Idan rabon ba ya ɗaukar siffofinsa, kamar yadda yake faruwa da NFS na sabar Linux, ba ya kuka, sai ya ƙirƙiri wani ɓoyayyen fayil a gefe mai suna da ya fara da ._ ya zuba su a ciki. Daga Mac ɗin kome yana aiki, manyan ƙunshiyoyi ma suna shiga. Daga Linux kuwa getfattr, umarnin karanta siffofi, ba ya ganin kome a kan fayil ɗin, kuma ranar da wani mai son tsabta ya share waɗannan ƙananan fayiloli, ko ya sauya sunan fayil daga Windows ya bar abokin tafiyarsa a baya, aikin alamomin da masu rajista suka yi ya tafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin kayan kwafi, domin su ne ake amfani da su ranar ƙaura. Umarnin cp -a yana ƙoƙarin ɗaukar ƙarin siffofi, amma takardunsa sun faɗa a fili cewa idan ya kasa ba zai ce kome ba, kuma zai fita kamar ya yi nasara. Sai an rubuta --preserve=xattr ƙarara yake ɗaukar kasawar a matsayin kuskure. Umarnin rsync -a ba ya ma ɗaukar su sai an ƙara -X, tar kuma sai da --xattrs. Mafi haɗari shi ne mv daga faifai zuwa rabo: yana kwafe fayil, yana ƙoƙarin kwafe siffofi, idan amsar ita ce wurin ba ya goyon bayansu ba ya nuna gargaɗi, sannan ya goge asalin. Ma'aikacin da ya kwashe aikin wata guda da mv zuwa rabon da ya sauka NFS 4.1 zai ga fayilolinsa duka, da girmansu daidai, ba tare da ko siffa ɗaya ba, kuma babu inda zai koma ya ɗauko su. A ganina gwajin da bai haɗa da waɗannan umarni ba bai cika ba, shi ya sa nake shirya jaka mai fayiloli da siffofi masu girma daban-daban, ƙasa da iyaka da samanta, in wuce da ita ta kowane umarni, in duba lambar fitarsa da ke nuna ko ya yi nasara, in ƙirga abin da ya isa.

Daga wannan gwaji na tsayar da ƴan shawarwari ga ƙungiyarmu. Faifan rabon na mayar da shi XFS, domin masu Mac suna da yawa a cikinmu kuma ba na son izinin shiga da alamomin Finder su riƙa rububin bulo ɗaya. A layin jona NFS na rubuta vers=4.2 ƙarara, ta yadda idan sabar ba ta da shi jonawar za ta ƙi gaba ɗaya, ma'aikaci ya kira ni, maimakon ta sauka a ɓoye. Na haramta mv wajen kwashe aiki zuwa rabo: rsync -aX ake yi, a tabbatar, sannan a goge. Na kuma roƙi masu rajista su bar siffofi ga gajerun abubuwa kamar lambar rajista da hatimi, dogon bayanin takarda kuwa ya zauna a kundin rajista da kuma fayil na rubutu a gefen hoton, inda kowace kwamfuta za ta gan shi. Wasu abokan sana'a suna ganin da XFS a ƙasa wannan takatsantsan ya yi yawa. Ban yarda da su ba, domin fayilolin nan ba a sabar za su dawwama ba: za a kwafa wa mai bincike a kan kilen USB, za a aika wa iyalin da suka ba da aron takardun, kuma faifan FAT32 ko exFAT a kan Linux ba ya ɗaukar ƙarin siffa ko ɗaya.

Wannan ya kai ni ga faifan ajiya na waje, wanda ake fita da shi daga biro saboda tsoron gobara ko lalacewar inji a watannin zafi da kuran yake yawan ɗaukewa. Shi ma ƙofa ce a kan hanyar, kuma sau da yawa shi ne mafi ƙunci. Kafin kowane kwafin ajiya shirinmu yana gudanar da getfattr -R -d -e base64 a kan dukan jakar, ya zuba sakamakon a fayil ɗin rubutu guda da ke tafiya tare da hotunan, ta yadda setfattr --restore zai iya mayar da siffofin a kan kowane faifai da ke da wurinsu. Gwajin dawo da ajiya yana haɗawa da wannan mataki da kwatanta hatimai, kuma ina sake gudanar da dukan gwajin duk lokacin da aka sabunta zuciyar Linux ko Samba, ko aka sauya faifai, ko wata sabuwar irin kwamfuta ta shigo biro.